Fason da na raina

Mahaifina tsohon majemi ne. Shekararsa tara da ciwon suga, kuma da yake ɗakina ne ke jikin nasa a gidanmu na Ƙofar Kware, kula da lafiyarsa a wuyana take. A hunturun shekara biyu da suka wuce, lokacin da iskar da ke sauko mana daga wajen Illela ke tsage leɓe da diddige, faso ya kama ƙafarsa ta hagu, kaushi kuma ya taru ƙarƙashin babban ɗan yatsa. Wa ba ya faso a Sakkwato? Sai na yi masa abin da nake yi wa kaina: ruwan zafi a roba, dutsen goge kaushi, gilisarin da man kaɗe. Inda kaushin ya yi kauri na sa reza na fere, har jini ya ɗan tsattsafo.

"Baba, da zafi?"

"Ba ni jin komi, ci gaba."

Na ɗauki wannan amsa albishir ce. Mako biyar ina wanke wurin ina shafa mai, ina cewa ciwon da ba ya zafi ai ya kusa warkewa. Inna ce ta fara jin wari. Ranar da muka je asibiti, likita ya ɗauko wani siririn zare mai kama da na kamun kifi, ya ce Baba ya rufe ido, ya riƙa dangwala masa a tafin ƙafa. Ko sau ɗaya Baba bai ce ya ji ba. Likitan ya dubi gyambon ya tambayi wanda ya yanke kaushin. Na ce ni ne. Bai yi mini faɗa ba, ya dai ce suga ya kashe jijiyoyin ji, ruɓar kuma ta kai ƙashi. A makon suka cire yatsan.

Abin da ya hana ni barci bayan haka shi ne tambaya ɗaya: hannu ɗaya, mai ɗaya, ƙafata ta warke, tasa ta ruɓe, me ya bambanta su? Neman amsa ya kai ni ga aikin wasu masana na Jami'ar Saratov a Rasha, ƙarƙashin Farfesa Valery Tuchin. Su burinsu hango abin da ke cikin tsoka da haske, ba tare da an tsaga ba. Fata ba ta barin haske ya ratsa ta saboda ruwan da ke cikinta da zaruruwan kolajin ba su karkatar da haske iri ɗaya, sai ya tarwatse. Idan aka jiƙa ta da gilisarin ko ruwan gulukos mai kauri, sai ya janye ruwan ya cike gurabun, fatar ta yi garau na ɗan lokaci, kamar takardar da aka naɗe ƙosai da ita. Daga saurin da ta yi garau suke lissafa saurin shigar abin da aka jiƙa ta da shi.

A 2015 Daria Tuchina da abokan aikinta suka gwada haka da fatar ɓeraye masu suga da marasa shi. Gulukos ya fi daɗewa sosai kafin ya ratsa fatar masu suga. Dalilin shi ne sugan da ya daɗe yana yawo a jini yana maƙalewa a jikin kolajin, ya ɗaure zare da zare har saƙar ta yi tauri. Irin haɗuwar suga da furotin ce da Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, wadda ke sa nama ya yi ja a kan wuta, sai dai a jikin mutum a hankali take tafiya, shekara da shekaru.

Da na yi wa Baba wannan bayani yana kwance, sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Jima ke nan." Ya riga ni ganewa. Duk rayuwarsa yana tsoma fatar jar akuyar Sakkwato a ruwan bagaruwa don zaruruwanta su ɗaure, ta daina zama ɗanyar fata.

Su masanan da ɓera suka yi aiki, gilisarin kuma tun farko ba maganin gyambo ba ne. Amma daga wurinsu na fahimci cewa ƙafar da na riƙe a hannuna ba irin tawa ba ce. Fatarta ta canza, ƙananan hanyoyin jininta sun ƙuntata, abin da zai kawo warkewa daga ciki yana isowa a makare, kuma ƙararrawar da za ta ce mini in dakata ta riga ta mutu. Ni kuwa na je mata da reza.

Yanzu kullum bayan sallar isha'i nakan haska tocila in duba tsakanin yatsunsa huɗu da tafin ƙafa. Ruwan alwalarsa da gwiwar hannuna nake gwada ɗuminsa, takalminsa kuma sai na zura hannu ciki kafin ya sa.