Na'urar da Ta Mutu da Na'ura Mai Baki Biyu

Cikin kwamfutocin da ke aiki tare, wadda ta mutu murus ba ta cika ba ni tsoro ba. Shirunta kansa labari ne: 'yan'uwanta za su jira ta na ɗan lokaci, su cire ta daga lissafi, aiki ya ci gaba. Wadda nake tsoro ita ce mai sauran numfashi, wadda ke amsa kira a kan kari, amma ta faɗa wa wannan abu kaza, ta juya ta faɗa wa wancan akasinsa. Kuɗin da ka tura ta waya da kujerar jirgin da ka kama ta intanet duk sun rataya ne a kan na'urori da yawa a wurare daban-daban, waɗanda tilas bakinsu ya zo ɗaya kan abin da ya faru.

Wannan matsala ta samu sunanta a 1982, daga Leslie Lamport da Robert Shostak da Marshall Pease na cibiyar bincike ta SRI a Kalifoniya. Aikin ya samo asali daga ƙoƙarin gina wa hukumar NASA kwamfutar da za a iya danƙa wa tuƙin jirgin sama. Sai suka buga misali da janar-janar na daular Bizantiya da suka yi wa wani birni ƙawanya, ba sa jin juna sai ta bakin manzo, kuma a cikinsu akwai maciya amana. Lamport ya ce da farko 'yan Albaniya ya sa a labarin, aka ba shi shawarar ya nemi mutanen da babu mai yin fushi a madadinsu.

Ka ɗauka su uku ne. Babban kwamanda ya aika wa Audu cewa a kai hari. Audu ya tuntuɓi Garba, Garba ya ce shi an ce masa a ja da baya. Wa ke ƙarya? Ko kwamandan ne mai baki biyu, ko Garba ne ya juya saƙo, kuma daga inda Audu yake tsaye hotunan biyu iri ɗaya ne sak. Dabara ba ta fitar da shi. Abin da masanan suka tabbatar shi ne, idan saƙon baka ne, jure wa maci amana ɗaya na bukatar mutum huɗu, jure wa biyu na bukatar bakwai. Wato dole masu gaskiya su zarce kashi biyu cikin uku. Idan kuwa mutuwa kawai ake tsoro, na'ura uku sun isa jure wa rashin ɗaya. Ta huɗun nan ita ce kuɗin rashin yarda, kuma yawancin kamfanoni ba sa biyan sa: suna gina tsarinsu bisa zaton cewa na'ura na iya mutuwa amma ba ta ƙarya.

A ranar 20 ga Yuli, 2008, wannan zato ya ci rumbun ajiyar bayanai na Amazon mai suna S3. Na'urorinsa kan yaɗa wa juna labarin lafiyar 'yan'uwansu, kamar yadda zance ke yawo a unguwa. Sai ɗigo guda ya gurɓace a cikin wasu saƙonni, amma suka ci gaba da karantuwa lafiya lau, sai dai abin da suke faɗa ba gaskiya ba ne. Labarin ya bazu har na'urorin suka shagala da gulmar juna suka bar aikin jama'a. Sai da injiniyoyi suka katse maganar gaba ɗaya, suka goge abin da kowace ke riƙe da shi, sannan aka tashe su. Kusan awa takwas aka yi. Babu ɓarawo a cikin lamarin.

A nan ne nake ganin binciken jure wa lalacewa da binciken tsaro suka zama abu ɗaya. Ɗan kutse da ya ƙwace na'ura maci amana ne mai hankali, wanda ke zaɓar ƙaryar da ta fi ɓarna da lokacin da ya fi dacewa. Miguel Castro da Barbara Liskov na jami'ar MIT sun nuna a 1999 cewa ana iya gina irin wannan kariya ba tare da ta yi wa aiki nauyi fiye da kima ba. Sai dai sun gindaya sharaɗin da aka fi saurin mantawa: kada na'urorin su faɗi tare. Kowace ta zama da manhajarta daban, kalmar sirrinta daban, mai kula da ita daban.

Wanda ya zauna gaban malaman hadisi ya san wannan sharaɗi. Labari ba ya kai matsayin tawaturi don yawan masu ruwaya kawai, sai ya zama haɗuwarsu a kan ƙarya ba ta yiwuwa a al'ada. Shaidu goma da suka ji daga bakin mutum ɗaya, shaida ɗaya ce.

Rokar Ariane 5 ta Turai ta tashi a 4 ga Yuni, 1996, da na'urori biyu masu gane mata alƙibla, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Manhajarsu ɗaya ce, gadon Ariane 4. Wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, ta jiran gadon ta riga faɗuwa, mai aikin ta bi ta nan take, rokar ta tarwatse kimanin sakan 40 da tashi. Shi ya sa idan banki ko ma'aikata ta yi alfahari da cewa tana da ma'ajiyar bayanai uku, tambayar da nake so a yi ita ce: wa ya rubuta manhajar ukun, kuma mutum nawa ke riƙe da makullinsu?

Ko bambancin ma ba ya wanke komai. A 1986 John Knight da Nancy Leveson sun sa an rubuta manhaja ɗaya sau 27, kowane marubuci shi kaɗai, a jami'o'i biyu na Amurka. Da aka gwada, sai aka ga suna yin kuskure tare fiye da yadda sa'a za ta iya bayyanawa, domin inda ya yi wa wannan wuya, shi ya yi wa wancan.

Jiragen sama jannati na Amurka masu zuwa su dawo sun ɗauki kwamfuta biyar. Huɗu na gudanar da manhajar IBM suna duba amsar juna, ta biyar kuma na ɗauke da wata manhaja dabam da kamfanin Rockwell ya rubuta, don ranar da huɗun za su haɗu a kan kuskure. Ba a bar wa kwamfutocin hukuncin cewa ranar ta zo ba. Maɓalli aka sa a jikin sandar tuƙi, matuƙi ne zai danna.