Ƙwayar Rana Ta Biyu

A daminar 2021 na shiga wani horo ta intanet. Ba ɗokinsa nake ba, an dai ce akwai takardar shaida a ƙarshe, ni kuwa ina neman abin da zai ƙara wa takarduna nauyi. Mako takwas ne, kan yadda ma'aikatan lafiya za su yi bincike tare da mutanen wasu fannoni. Da na ga taken sai da na yi murmushi. Shekara goma sha ɗaya ina majo a wani gidan likita na karkara cikin jihar Maraɗi, ina fama da ungozoma da mai awon jini da masu gari. Wa zai koya mini zama da mutane?

Duk Alhamis bayan la'asar muke haɗuwa ta Zoom. Rezo ba ya shiga ofishina, sai in ɗauki kujera in tafi gindin wata bedi da ke bakin hanya, in jingina salula a gwiwa. Mu biyar aka haɗa rukuni guda: likitan yara daga Yamai, masanin lissafi daga Dakar, mai ilimin haɗa magunguna daga Bamako, wata malama mai nazarin zamantakewa daga Wagadugu, sai ni. Aka ce mu zaɓi tambaya ɗaya mu yi aiki a kanta, suka amince da tawa.

Tambayar ta daɗe tana cina. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran Sahel maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a lokacin damina, Nijar ta fara a 2013. Mu CPS muke ce masa. Yaro daga wata 3 zuwa wata 59 ake ba, sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Ranar farko mai rabo ce ke ba yaro ƙwaya biyu a gabanta, ta bar wa uwa sauran biyu, ɗaya gobe ɗaya jibi. In an sha duka, yaro yakan samu kariyar kusan mako huɗu. To rajistata cewa take kusan kowane yaro ya samu, amma da Satumba ta kama sai ka ga tabarmi har waje, uwaye riƙe da yara jiki rau. Ina maganin yake tafiya?

A mako na uku aka ba mu wani aiki da na raina. Kowa ya rubuta shi kaɗai abin da yake nufi in ya ce "an ba yaro magani". Da muka buɗe amsoshin sai kunya ta kama mu. Mutumin Dakar ya ce yaron da aka yi wa alama a kati. Na Bamako ya ce wanda ya haɗiye ƙwayoyin kwana ukun bai amayar ba. Ni da Dokta muka ce wanda mai rabo ta ba. Malamar Wagadugu ba ta ba da amsa ba, tambaya ta rubuto. Mako biyu ke nan muna ta gardama da kalma ɗaya, kowa da abin da yake nufi.

"Majo," in ji ta, "ka taɓa gani da idonka ƙwayar rana ta biyu ta shiga bakin yaro?"

Raina ya ɓaci. Mace tana zaune a birni, ba ta taɓa sa wa jariri ƙarin ruwa da hasken tocila ba, ita ce za ta tuhume ni? Na kashe kiran, daga baya na rubuta musu cewa rezo ne ya yanke. Ba rezo ba ne. Yau na faɗa.

Darasin da ya biyo baya kamar da ni ake. Aka ce kowane rukuni ya lissafa waɗanda suka san matsalar amma ba su cikin zaman. Sunan farko da ya zo mini shi ne na wata dattijuwa cikin masu rabonmu, tsohuwar ungozomar gargajiya, wadda babu zauren da ba ta ratsawa. Na same ta tana surfe.

"Inna, ƙwayoyin da kuke bar wa uwaye, ana ba yara kuwa?"

Ta ajiye taɓarya ta dube ni. "Majo, damina nawa muna wannan aiki? Kullum kati nawa kake tambaya ta. Taso mu je."

Gida shida muka shiga. A uku an ba da maganin daidai, har fankon aka nuna mana. A na huɗu matar ta buɗe kwalla, ga ƙwayoyin wata biyu a ƙulle cikin leda. Ta ce yaro lafiyarsa lau, don me za ta yi ta ɗura masa magani? Ta adana ne sai ranar da jikinsa ya yi zafi, tunda gidan likita da nisa. Wata kuma ta raba wa yayan yaron ɗan shekara bakwai, don ba ta ga dalilin da za a kare ɗaya a bar ɗaya ba alhali gidan sauro guda suke kwana. Ta ƙarshe gona ta tafi tun asuba, ta manta. Ban ga sakarci a ko ɗaya ba, kowace da lissafinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa shekara da shekaru rufin nake ƙirga daga waje.

Alhamis ta gaba na zo da Inna gindin bedi. A nan na ga iyakar horon: an gina shi ne don mai intanet, mai Faransanci, mai takarda. Wadda ta fi mu sanin amsar ba ta da ko ɗaya. Na riƙa fassara, tana magana tana leƙa fuskokin da ke cikin salula. Mutumin Dakar ya yi shiru can, sannan ya ce a sake tsarin gaba ɗaya, a bar dogara da kati, a riƙa komawa gidaje rana ta huɗu ana ƙirga fanko.

Inda muka kasa daidaitawa shi ne wajen suna. An koya mana cewa tun kafin a fara bincike ake rubuta yarjejeniyar wa zai riƙe bayanai, sunan wa zai hau takarda. Malamar Wagadugu ta ce a sa Inna cikin marubuta. Dokta ya ce ƙa'idar mujallu ita ce marubuci ya sa hannu a rubutun ya kuma amince da shi, don haka wurin godiya ya dace da ita. Na ce zan karanta mata da Hausa ta gyara. Har horon ya ƙare ba mu rufe maganar ba.

Da na gaya wa Inna, ta ce ita a bar ta da suna, a samo wa masu rabo takalman ruwa, ƙafafunsu sun gaji da taɓo. A rabon Oktoba, rana ta huɗu, muka fita tun da hantsi. Tana gaba tana sallama, ina biye da buhun fanko.