Ina Za Mu Kai Yaron Da Ya Gagara?

Babu unguwar da muka taɓa zama, a cikin birni ko a gidajen ma'aikata, wadda ba a nuna wani gida a ce ɗansu ya gagara. Yaro ɗan shekara 15 ya bar makaranta yana kwana a waje, ko kuwa ya ƙulle kansa a ɗaki ba ya magana da kowa. Uba ya yi faɗa, ya yi duka, an sha rubutu, daga ƙarshe dangi su ce a kai shi gidan Mari.

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida irin wannan a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Wata na zagayowa aka sake ganin irinsa a Daura. An rufe gidajen, kuma an yi daidai. Amma iyayen da suka biya kuɗinsu suka kai 'ya'yansu can, ba don ƙiyayya suka kai su ba. Dabara ce ta ƙare musu. To, yanzu ina za su nufa?

Gidan horon matasa na Kakuri ta hannun kotu ake shigarsa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Dawanau kuwa wurin magani ne, ba makaranta ba. Yaron da ya yi wata shida yana jinya zai fito ya tarar sa'o'insa sun wuce shi a karatu, kunya ta sake mai da shi gidan jiya.

A ganinmu, babban aibin mari shi ne ba ya bambancewa. Mai taurin kai daban, wanda ƙwaya ta kama daban, wanda ciwon damuwa ko taɓin hankali ya same shi daban. Wannan na ƙarshe ma shari'a ta ɗauke masa hukunci muddin hankalinsa ya gushe. Ta yaya mu za mu ɗaure wanda Allah bai kama da laifi ba?

Magabata sun riga mu a wannan aiki. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali, kuma da dukiyar waƙafi ake ciyar da su. Attajiranmu, Allah ya saka musu, sun cika garuruwa da masallatai. Muna roƙon su haɗa hannu da ma'aikatan lafiya da na ilimi a gina makarantar kwana ko da guda ɗaya a kowace jiha: likita ya fara duba yaro kafin a karɓe shi, a yi karatun Alƙur'ani da na boko da sana'a, hukuma ta riƙa shiga dubawa ba tare da sanarwa ba, uwa kuma ta ga ɗanta kowace Juma'a, su yi magana su biyu babu mai gadi a tsaye.