Amyoyin Kawu sun faɗo, ba wanda ya lissafa su

Tun shekaranjiya nake son yin wannan rubutun, sai yau na samu natsuwa.

Duk kun ga hotunan ɓarnar da iskar farkon daminar nan ta yi a ƙauyenmu: kwanon rufi a tsakiyar gona, turakun wuta a kwance, katangar makarantar firamare ta zube. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Masu ɗaukar bayani sun zo, sun rubuta gidaje, sun ƙirga awaki da tumakin da gini ya danne, sun tafi. Da Kawu ya ce musu a rubuta amyoyinsa, sai wani yaro a cikinsu ya yi dariya ya ce takardar ba ta da gurbin ƙudan zuma. Ban ga laifin yaron ba, abin da aka ba shi ya cika. Amma abin ya tsaya min a rai.

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma da kuɗin zumarsa aka biya min jarrabawar fita sakandare. Amya ashirin da uku yake da su a kan ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, irin na gargajiya, saƙar ciyawa da aka yaɓe da kashin shanu. Daren da iskar ta taso, goma sha huɗu suka faɗo. Wasu reshen ne ya karye da su, wasu igiyar ce ta tsinke. Da gari ya waye muka je tare. Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba: saƙa a farfashe cikin taɓo, zuma ta dalala ta haɗe da ƙasa, kwarkwasa ta riga mu isa ta yi baƙi ƙirin a kai. Kawu ya tsuguna yana juya wata amya da sanda, bai ce komai ba sai "Ɗan nan, waɗannan saura kwana kaɗan in ɗebe su." Shi ke nan.

Ga abin da mutanen birni ba su sani ba. Asarar mai kiwon zuma ba ta ƙarewa a zumar da ta zube. Ɗorawa da kaɗanya da rani suke fure, lokacin ne ƙudan ke tara abinci. Farkon damina kuwa fure ya yi ƙaranci, sai amfanin gona da ciyayi sun girma tukuna. Ke nan abin da ya zube a ƙasa shi ne guzurinsu na wannan tsakanin. Waɗanda suka tsira yanzu yunwa ce a gabansu, in ta matsa kuma tashi za su yi su bar wurin. In sarauniya ta mutu a faɗuwar, kuma babu ƙwai ko ƙananan tsutsa da za su raini wata, wannan gidan ya mutu murus. Ko da tana raye, daga ƙwai zuwa ƙudan da zai fara aiki kwana 21 ne, kuma sai ya yi wasu makonni a cikin gida kafin ya fara fita neman fure. Ba abu ba ne da ake gyarawa a mako guda kamar rufin ɗaki.

Ba mu kaɗai irin haka ke samu ba. Lokacin da guguwar Mariya ta afka wa tsibirin Fuwato Riko a Satumbar 2017, ta kakkaɓe furanni da ganyaye, ƙudan zuma suka rasa abinci, har sai da aka riƙa aika musu abinci daga waje don a ceto waɗanda suka rage. Mu a nan ko a takarda ba su shiga ba. Ranar 20 ga Mayu kowace shekara ana bikin ranar ƙudan zuma ta duniya, a ɗauki hoto a yi jawabi. To, ga ƙudan nan a ƙasa.

Wani abin takaicin, kwana biyu bayan iskar masu gawayi suka iso da gatari. In itacen da ya faɗi ne ba komai, amma har ɗorawar da reshe ɗaya kawai ya karye ana tayawa, kuma mai gonar da kwanonsa ya tashi yana buƙatar kuɗi. Na fahimce shi. Sai dai baɗi ina za a ɗora amya, kuma ina kalwar daddawa za ta fito?

Ni ba ƙungiya gare ni ba, kuma ba zan kafa asusu ba. Masu kiwon a ƙauyen su bakwai ne har da Kawu, mun zauna da su jiya bayan la'asar na tambaye su me suka fi buƙata. Ba su ce kuɗi ba. Sun ce igiya mai ƙarfi, da sukari. Ana dama shi da ruwa, awo ɗaya na sukari awo ɗaya na ruwa, a ajiye musu da 'yan tsinke a ciki don kada su nutse. Kafin wani ya ce "au, ashe zumar sukari suke sayar mana", a'a. Ciyarwar ta ceton rai ce, da fure ya buɗe ake dainawa, kuma ba a ɗiba a wannan lokacin. Wani kafinta abokina ya ce in an samu katako zai haɗa musu akwatin kiwo irin na Kenya, mai sanduna a sama, wanda ake ɗorawa a kan ƙafafu kusa da ƙasa. Kawu dai ya taɓe baki, ya ce ɓarayi sun fi iska saurin kai hannu. Yana da gaskiyarsa, amma ya yarda a gwada guda biyu a bayan gida.

Sai kuma ku da ke shan zuma da shayi kullum. Akwai sauran wadda suka ɗeba a watan Maris. Don Allah in za ku saya, ku saya a farashinta, kada ku ga mutum a matse ku ce "nawa za ka rage". Masu gona kusa da su kuma, in lokacin feshi ya zo a yi da yamma liƙis, sa'ad da ƙudan suka koma gida.

Ranar Asabar da sassafe za mu sake ɗaura waɗanda ke gyaruwa. Akwai guda uku da muka ga ƙuda na shiga da fita da garin fure a ƙafafunsu, Kawu ya ce alama ce akwai 'ya'ya a ciki. Mai igiya, mai katako, ko mai mota da zai shiga ƙauyen, ya yi min magana ta akwatin saƙo. In za ka zo, kada ka fesa turare, kuma ka sa riga mai dogon hannu.