Wasan da Na Bari a Hannun Wata

Malamar lissafi idan za ta tafi hutun haihuwa, littafin tsara darasi take miƙawa, ta ce an tsaya a babi kaza, mai riƙe mata aji ta ɗora daga nan. Ni adabin Hausa nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati a Zariya, ni ce kuma ke riƙe da ƙungiyar wasan kwaikwayo, don haka rabin aikina ba ya cikin kowane littafi. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina da Uwar Gulma na Mohammed Sada, kowace malamar Hausa za ta iya karantar da su a aji. Amma wasan da ni da yarana muka tsara domin ranar rabon kyaututtuka a ƙarshen zango na uku, a kaina yake zaune da bakunansu. Lissafin asibiti kuwa ya nuna zan sauka kafin ranar ta zo.

Abin da ya fara yi mini nauyi shi ne faɗa. Ba ma shelar ciki, balle na fari. Ana barinsa ya fito da kansa, kowa ya gani, kowa ya kau da kai. Ina son wannan kunyar tamu, ba na fatan mu rabu da ita. Sai dai ofis takarda ya sani, kuma yaran da suka kwashe watanni suna haddace magana suna da haƙƙi a kaina. Saboda su na cije, na sami shugabar makaranta ita kaɗai tun da sauran lokaci.

“Ranki ya daɗe, akwai maganar da nake so mu yi, amma nauyinta nake ji.”

“Ke 'yar nan, ai tun da kika daina shan shayin safe na gane. Allah ya raba lafiya. Kawo takardar likita, sannan ki gaya mini wa za ki bar wa yaran nan.”

Kafin in shiga wurinta na nemi sanin abin da doka ta ba ni, kuma ina roƙon kowace malama ta yi haka. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta kai wata shida a bakin aiki. Ma'aikatan gwamnatin tarayya sun fi haka samu. A jihar Kaduna kuwa tun 2019 aka mayar da hutun ma'aikatan gwamnatin jiha wata shida, daidai da watannin da likitoci ke so a shayar da jariri nonon uwa zalla. Mako shidan nan na bayan haihuwa, in an duba, arba'in ne da ɗan ɗoriya. Wato mace ta ajiye ganyen wankan jego yau, jibi ta ɗauki alli. Ina da ƙawaye a makarantun kuɗi da haka suke komawa, nono na zuba, jariri a hannun kaka, kuma abin yana ci mini rai har yanzu.

Malamar Turanci ce ta yarda ta karɓi ƙungiyar, ba ta taɓa shirya wasa ba. Na sayi littafi mai kauri na rubuta mata duk abin da ke rubutuwa: ta inda kowa zai shigo, inda zai tsaya, lokacin da za a buga ganga, lokacin da za a dakata a bar 'yan kallo su gama dariya. Na jera kayan aro da gidajen da suka fito. Makarantar mata ce, 'yan mata ke fitowa a maigida da alƙali da ɗan sanda, don haka babbar riga da rawani duk na iyaye ne, gemu kuma na auduga ne da ake liƙawa da safiyar ranar. In babbar rigar wani uba ta ɓace, baɗi ba zai bar 'yarsa ta shiga ba.

Akwai kuma abin da na ƙi sa wa biro. Yarinyar da ke fitowa a maigida, muryarta na cika ɗakin taro, amma in aka gyara mata a gaban ƙawayenta sai ta yi mako ba ta zo gwaji ba. A gefe ake jan ta. Wata dole ta tashi da la'asar saboda tallar abincin mahaifiyarta, shi ya sa fitowarta ake fara gwadawa. Wata kuma sai da na je har gida na durƙusa wa mahaifinta, ya yarda bisa sharaɗin ba za ta yi rawa ba, kuma magariba ba za ta same ta a waje ba. Waɗannan amana ce. Littafi yana iya kwana a kan tebur kowa ya buɗe, saboda haka baki da baki na gaya wa malamar Turanci su, mu biyu, a ƙarƙashin darbejiyar bayan ofis. A nan na gane cewa yawancin abin da nake kira koyar da wasa, sanin 'ya'yan mutane ne.

Mafi wuya shi ne makonnin ƙarshe. Na koma kujerar baya, ƙafafu a kumbure, na bar ta tana jan gwaji ina kallo. Akwai fitowar da nake ji da ita, inda uwa ke roƙon alƙali a tsaye. Ita ta zaunar da uwar a kan tabarma, ta rage mata magana. Yara suka waiwayo gaba ɗaya.

“Malama, ba haka kika ce ba.”

“Yanzu abin da Malamar Turanci ta ce shi ne magana. Ku ci gaba.”

Raina bai so ba, amma na san in na buɗe baki sau ɗaya, duk ranar da ta ba da umarni sai sun auna shi da nawa. 'Yan aji shida suna fama da WAEC da NECO, don haka 'yan aji biyar na raba wa ragowar aiki: mai kula da kaya, mai tuna wa 'yan wasa magana daga bayan labule, mai kiran suna.

Ranar da zan tafi goyon ciki gidan iyayena na roƙe su kada a kira ni a kan wasa. Barka da addu'a ina so, tambayar ina aka ajiye rawani ba na so. Ban faɗi haka don na gaji da su ba. Jaririn da ke tafe shi ma yana da haƙƙin ya same ni gaba ɗayana.

An yi wasan ina cikin jego. A WhatsApp na gan shi, ina shan kunun kanwa. Uwar nan ta zauna a tabarmarta, ɗakin taro ya yi tsit, na ga wata mata a layin gaba tana share ido da gefen mayafi. Har gobe ina ganin tsayuwar ma da ta yi kyau. Da na dawo a zango na biyu, malamar Turanci ta ce ba za ta bar ƙungiyar ba, sai muka raba kwanakin gwaji: ita Talata, ni Alhamis, don in riƙa komawa gida da wuri in shayar.