Shekarun da Ba a Rubuta Ba

Sana'ata girki. Ta ƙofar baya na shiga kicin, yadda yawancinmu muke shiga: wankin tukwane da ferar dankali a wani gidan abinci na Kwarori a Kano, ƙarƙashin wani dattijon kuku da kowa ke kira Baba. Daga baya na je kwaleji na yi difloma a fannin girki da kula da otal, na yi aiki a Kaduna, har Allah ya kai ni ga riƙe kicin ɗin wani otal a Abuja. Lokacin da na ɗaura niyyar neman bizar ƙwararru ta ƙasar Ostiraliya, na haura shekara goma sha biyar ina tsaye gaban murhu. Da aka gama tantance takarduna, abin da aka amince da shi bai kai rabin waɗannan shekaru ba. Dalilin hakan nake so in bayyana, domin na san akwai masu sana'ar hannu da yawa da ke shirin bin wannan hanya.

Wani abokin aikina ɗan ƙasar Nepal ne ya fara nuna mini cewa Ostiraliya ta saka shugaban kicin a jerin sana'o'in da take neman masu su. Kafin a kai ga maganar biza, sai wata hukumar gwamnati mai suna TRA ta tabbatar cewa mutum ya iya abin da yake da'awa. A kundinsu sana'a biyu ce: mai lamba 351411 shi ne mai dafa abinci, mai lamba 351311 kuma shi ne shugaban kicin, wanda ke tsara jerin abincin da za a sayar, ya ƙiyasta kuɗin kaya da na ma'aikata, ya yi odar cefane, ya duba ingancin kowane faranti kafin ya fita, ya horar da yara. Duk wannan aikina ne na kullum, saboda haka ban ji ɗar ba. Na ɗauka za a ba ni wuƙa da tukunya a ce in nuna. A hanyar da na bi, babu wanda ya ɗanɗana ko cokali ɗaya na abin da na dafa. Takarda suka nema: wasiƙa daga kowane wurin da na yi aiki, a kan takardar kamfani, da ranar farawa da ta gamawa, da awannin aiki a mako, da bayanin ayyukan ɗaya bayan ɗaya, da sa hannun wanda za a iya kira a tambaya. Sannan hujjar cewa an biya ni, wato takardar albashi, ko bayanin banki, ko shaidar haraji.

Na fara da Kano. Gidan abincin nan ya zama rukunin shagunan waya, mai shi ya koma Beirut, Baba kuma ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mutumin da ya koya mini gane zafin mai ba tare da na'ura ba, wanda ya ciyar da manyan baƙi shekara da shekaru, bai bar ko layi ɗaya a rubuce da ke cewa ya taɓa riƙe ludayi ba, balle ya rubuta wa wani. Ban yi asarar makin neman biza a nan ba, domin dokarsu tana ƙirga aikin da aka yi cikin shekara goma na baya-bayan nan ne kawai, a matakin ƙwarewa, da albashi, kuma aƙalla awa 20 a mako. Amma na tsaya a bakin titin na daɗe, ina tunanin yadda rayuwar ma'aikaci take shafewa a wurinmu.

Kaduna ce ta fi yi mini ciwo. Otal ɗin yana nan, kicin ɗin yana nan, har murhun da na sa aka gyara yana aiki. Sai dai an canza manaja, kuma duk zamana a can a ambulan ake ba mu albashi, mu sa hannu a wani littafi. Na gaishe shi na ce, "Ranka ya daɗe, wasiƙar shaida nake nema, da kofin littafin biyan albashi na wancan lokacin." Ya karɓe ni da mutunci. Ya ce, "Malam, kowa a gidan nan ya san ka, amma littafin nan tun da aka yi gyaran ofis ba a sake ganinsa ba." Ya ba ni wasiƙa mai layi uku, cewa ni mutumin kirki ne mai ƙwazo, kuma suna yi mini fatan alheri. Na roƙa aka sake rubuta ta da cikakken bayani, amma babu hujjar biya ko ɗaya da zan haɗa da ita. Kuɗin da na karɓa a hannu na ci, na biya haya, na yi aure da su, ba su taɓa bi ta banki ba. Shekarun Kaduna suka faɗi.

Abin da ya tsamo ni shi ne abin da na fi yi wa ƙorafi a Abuja, wato cire kuɗin fansho da haraji daga albashi. Tun daga dokar fansho ta 2004, ma'aikacin da ke ƙarƙashin tsarin yana da asusu na kansa, kuma bayanin asusun yana nuna sunan wurin aiki da watan da aka zuba kuɗi. Da na haɗa shi da bayanin banki da takardun albashi, magana ta zauna daram, babu wanda ya sake tambayata komai a kan waɗannan shekaru.

Ana cikin haka wani ya haɗa ni da wani ejan. Ofishinsa da sanyi, bangon cike da tutocin ƙasashe. Ya saurari matsalar shekarun Kaduna ya yi murmushi, ya ce, "Oga, wannan ai ƙaramin abu ne. Aikin ka yi shi, ko ba ka yi ba? Takardar albashi kawai za mu buga maka." Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Ban ga ƙarya a cikinta ba a lokacin, tunda na yi aikin, gumina ne. Na kwana ina juya ta. Da safe na gaya wa uwargida, ta ce, "Maigida, aikin gaskiya ne, amma takardar ba ta gaskiya ba ce. In suka kira otal ɗin fa?" Daga baya na karanta sharaɗin da suke kira 4020: wanda aka ƙi ba shi biza saboda takardar jabu ko bayanin ƙarya ana iya hana shi biza har shekara uku, in kuma asalin mutum ne ya kasa tabbata, shekara goma. Hukuncin yana iya shafar iyalin da ke cikin takardar. Ejan ɗin bai ambaci wannan ba, haka kuma bai gaya mini cewa a dokar Ostiraliya laifi ne a biya kuɗi don wani kamfani ya ɗauki nauyin bizar mutum ba, alhali shi ne abu na biyu da ya yi mini tayi. Akwai rajistar wakilan shige da fice da gwamnatinsu ke wallafawa a intanet, kowane da lambarsa. Na nemi sunansa ban gani ba, ban sake komawa ba.

Daga nan sai lissafin maki, wanda na haddace kamar farashin buhun shinkafa. Mafi ƙaranci da ake buƙata 65 ne. Mai shekara 25 zuwa 32 yana samun 30, mai 33 zuwa 39 yana samun 25, daga 40 zuwa 44 ya koma 15, wanda ya cika 45 kuwa an rufe masa ƙofa. Ni na tsallake 32 ina tsakiyar bin wasiƙu, maki biyar suka tafi a dare ɗaya. Aikin da aka yi a wajen Ostiraliya, shekara uku zuwa huɗu maki 5 ne, biyar zuwa bakwai 10, takwas zuwa sama 15. Da Kaduna ta shiga da na samu 15, sai na tsaya a 10. Shaidar sana'a da suka amince da ita ta ba ni 10. Gwauro yana samun 10 saboda gwaurancinsa, mai aure kuma sai in matarsa ta ci jarrabawar Turanci zai samu 5, ko 10 in ita ma tana da sana'ar da aka tantance.

Turancin ma ba na kicin ba ne. Na shekara da shekaru ina ba da umarni da Turanci, ina rubuta odar kaya, ina magana da baƙi, amma a jarrabawar IELTS sai an samu 7 a kowane ɗaya daga sassa huɗu, sauraro da karatu da rubutu da magana, kafin a ba da maki 10. Samun 6 yana ba da damar shiga layi ne kawai, babu maki. Rubutu ne ya riƙe ni. Bayan an rufe kicin, ƙafafuna na zogi, nakan zauna kan buhun fulawa a sito ina koyon rubuta sharhi a kan zanen ƙididdiga. Da na haye, jimillata ta zama 55. In jiha ta zaɓe ni a biza mai lamba 190, ta ƙara 5, bai kai ba. Hanya ɗaya ta rage, mai lamba 491, wadda ke ƙara 15 amma da sharaɗin zama da aiki a wajen Sydney da Melbourne da Brisbane. Ta shekara biyar ce, kuma bayan shekara uku mutum na iya neman zama na dindindin. Garuruwa irin su Adelaide da Perth suna cikin wuraren da aka yarda.

Wannan sharaɗi ya taso da wata magana da ban ji ana yawan yi ba. A Abuja ni ke da iko da kicin ɗina, na san abin da ke shiga tukunya. A Ostiraliya naman alade yana cikin karin kumallo na yau da kullum, giya kuma tana shiga miya da yawa, kuma shugaban kicin shi ne mai ɗanɗanawa. Musulmi ba su wuce kashi uku da ɗan wani abu cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba a ƙidayar 2021, kuma akasarinsu suna Sydney da Melbourne, a unguwanni irin su Lakemba, wato daidai inda bizar ta hana ni zama. Na yanke shawarar faɗin matsayina ƙarara ga duk wanda na nemi aiki a wurinsa. Wasu ba su sake amsa mini ba. Na fi son a ƙi ni ina gida da a kore ni ina can da iyali. Duk ɗan'uwa Musulmi da ke wannan sana'a ya kamata ya warware wannan da kansa tun kafin ya kashe kwabo.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Kuɗin neman bizar kaɗai ya haura dalar Ostiraliya 4,500 ga mutum ɗaya, ban da na mata da yara, da na tantancewa, da jarrabawa, da gwajin lafiya, da takardar 'yan sanda. Na fara tari ana canza dalar Amurka a hukumance kusan naira 460. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Abin da na tara don mutum huɗu ya koma bai isa na mutum biyu ba. Dokokin ma ba sa tsayawa wuri ɗaya. A Disamban 2024 Ostiraliya ta sauya tsarin bizar da kamfani ke ɗaukar nauyi, a Yulin 2025 kuma Birtaniya ta ɗaga matakin ƙwarewar da take buƙata, abin da ya fitar da masu girki daga cikin sababbin masu neman bizar aiki. Abokaina da suka sa rai da Ingila sun tashi da safe sun tarar an rufe.

Yau da nake rubutun nan sunana yana cikin tsarin SkillSelect, inda ake shigar da buƙata a jira gayyata. Buƙatar tana zama shekara biyu, sakamakon tantancewa da na Turanci suna da nasu wa'adin na shekara uku, in gayyata ta zo kuma kwana 60 ake bayarwa a shigar da komai. Ina jira, ina aikina. Ban ga laifin Ostiraliya ba a kan shekarun da suka faɗi. Jami'in da ke zaune a can ba shi da hanyar sanin ko ni ne na riƙe kicin ɗin Kaduna ko wani ne ke ari da sunana, sai ta takarda. Laifin yana wurinmu, inda ake ɗaukar yaro aiki da baki, a biya shi a hannu, a sallame shi da baki, a ga kamar neman wasiƙa rashin yarda ne ko raini.

A kicin ɗina na sa an canza wannan. Duk yaron da ya shigo, ko mai wanke-wanke ne, sai ya buɗe asusun banki, sai an ba shi takardar ɗauka aiki, in an ƙara masa matsayi a rubuta da kwanan wata. Ina tura su su yi jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, masu hali kuma su nemi kwas a cibiyar NIHOTOUR. Wani ya ce mini, "Oga, ni fa ba inda za ni." Na ce masa ko bashin banki zai nema, ko aiki a otal ɗin da ke tsallaken titi, wannan takardar za a tambaye shi.

Roƙona ga masu otal da gidajen abinci, da masu gidan burodi da wuraren gashi: ku biya ma'aikatanku ta banki, ku adana littafin albashi, kuma duk wanda zai bar ku ku ba shi wasiƙar da ta faɗi ranar da ya fara, da ranar da ya bari, da aikin da ya yi. Kai kuma ɗan'uwa da ke tsaye gaban murhu yanzu, ka nemi taka tun maigidanka yana raye, tun wurin yana buɗe.