Tambaya Kafin Shela

Tun shekarar 2015 dokar ƙasar Kodebuwa ta wajabta karatun boko a kan kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16. Dokar da Faransanci aka rubuta ta, amma iyaye da yawa a Abidjan da Julanci suke ciniki, in sun koma gida kuma kowa da harshensa. Duk makarantar da ke neman ɗalibai a unguwar Adjamé, wannan tazara ya kamata ta fara aunawa kafin ta buga takardar sanarwa ko ɗaya.

Kasuwar Gouro wurin awon ne. Matan ƙabilar Gouro ke riƙe da ita, ƙungiyoyinsu ke kawo doya da rogo da tumatir daga karkara. A birnin kuma akwai Hausawa: fataken albasar Galmi, da masu sayar da garba, wato attiéké da soyayyen kifi. Waɗannan mutane tun asuba suke bakin sana'a. Shugaban makarantar da ya kira taron iyaye da hantsi, kujeru zai yi wa jawabi.

Saboda haka bincike shi ne gaba. Malami mai hankali zai zauna a kan bencin 'yan kasuwa, ya tambaya, ya saurara. Wane harshe uba ke ji? Wa ke yanke shawarar karatun 'ya mace, uwa ce ko kawu? Daga ina labari ke isa gare su, daga masallaci, ko gidan rediyon Al Bayane, ko saƙon murya na WhatsApp? Maganar wa suke gaskatawa, limami ko shugabar ƙungiya? Me ya hana yaro zuwa, kuɗin littattafai, ko rashin takardar haihuwa, ko tsoron kada boko ya raba shi da allo?

Kowace amsa tana sauya saƙon. Wanda takardar haihuwa ta tsare, ba yabon ilimi yake bukata ba, hanyar samun takardar yake nema. Wanda ke tsoron rasa allo kuwa, sai a nuna masa makarantun Islamiyya da ke haɗa Alƙur'ani da manhajar gwamnati.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Makarantar da ta yi shela ba tambaya, asararta kuɗin takarda ne kawai. Yaron da saƙon bai kai gidansu ba, shekara guda ya rasa.